Na hau tarampolin ɗin yara da Sallah, yau kwana 12 bayana ya ƙi saki, kuma na yi ma maigida ƙarya

Assalamu alaikum Tanti, ina wuni ya gida ya yara. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Damagaram, shekarata 32, ƴaƴana uku, ƙaramin watanshi 14 har yanzu yana shan nono. Ranar uku ga Babbar Sallah ni da ƙanwata muka kai yara wani wurin wasa, akwai abin tsallen nan da ake ce ma tarampolin, mu dai gadon tsalle muke ce mishi. Ɗiyata mai shekara 4 ta ce ita ba za ta hau ba sai da ni, na duba wurin ba maza sosai, sai na ɗaure hijabina a ƙugu na hau. Wallahi Tanti rabon da inyi dariya irin ta ranar tun ina budurwa. Ina cikin yi sai wasu yara biyu manya-manya suka diro kusa da ni daidai lokacin da nake saukowa, abin ya bugo ni daga ƙasa, naji kamar an soka mini wuƙa a ƙugu. Na daure na sauka muka hau adaidaita muka koma gida, washegari da kyar na tashi sallar asuba.

Ciwon a ƙasan baya yake wajen dama, yana sauka ɗuwawu zuwa bayan cinya amma bai kai gwiwa ba. Ruku'u da atishawa da ɗaukan yaro su suka fi tada shi. Kunya ta hana ni faɗa ma maigida gaskiya, na ce mishi aikin suyar naman layya ne. Yanzu uwar mijina ta dage sai an kai ni wajen mai ɗori ya ja bayan, wata maƙwabciya kuma ta bani tramol na sha sau uku, yana kwantar da ciwon amma jiri nake ji. Kullum ina kwance. Sai wani abu da ban faɗa ma kowa ba, lokacin da nake tsallen fitsari ya ɗan zubo mini kaɗan, shi ya fi tsorata ni. Shin bayana ya lalace kenan? In faɗa ma maigida? Kuma kar kiyi dariya, har yanzu raina na son in sake hawa.

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya baki lafiya ya sa kaffara ne. Ba dariya nayi ba, murmushi dai nayi da na zo wurin da kika ce rabonki da dariya irin wannan tun kina budurwa, dan na tuna lokacin gaɗa da muke faɗawa da baya ƙawaye su cafe su cilla mu sama, ba wanda ya taɓa ce mana ranar da aka ɗaura aure jikin zai daina son wannan abin. To baki yi wani abin kunya ba, uwa ce ta hau abin wasa dan ɗiyarta ta saki jiki. Wannan mu ajiye shi gefe tukun.

Zan fara da tramol ɗin nan dan shi ne bazai jira ba. Ki daina shi daga yau. Tramol, wato tramadol, dangin su morfin ne, yana kama mutum da sabo, yana sa jiri da amai, in yayi yawa har jijjiga yake sawa kamar farfaɗiya, kuma wanda likita ke rubutawa galibi miligram 50 ne amma wanda ke yawo a hannun ƴan talla zaki ga 120 ko 200 har 225 a rubuce jikin katin, kinga ba abu ɗaya bane. Babban abin kuma yana bi ta nono, yaron na iya yin barci mai nauyi ko numfashinshi ya ragu. In kinga yana barcin da ba nashi ba ko jikinshi ya saki yana kasa kama nono, ki kai shi asibiti take ki faɗa musu abin da kika sha. Sha uku bai isa ace ya kama ki ba insha Allahu, amma a haka yake farawa da mutane. Maƙwabciyarki tausayi ne ya sa ta, kar kiyi faɗa da ita, kice mata kawai bai karɓe ki ba.

Yanzu bayan. Ƙashin baya ba sanda ɗaya bace, ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere kan juna, 5 daga ciki su ne na ƙugu kuma su ke ɗauke da nauyin duk abin da ke sama. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai mai taushi kamar ƴar matashiya da ke shanye girgiza, sai nama da jijiyoyi da suka ɗaure komai. In mutum ɗaya ne a kan tarampolin, shimfiɗar tana lotsawa tare da shi tana tasowa tare da shi, jiki ya san lokacin da zai taɓa ƙasa ya shirya. Amma da yaran nan suka diro kusa dake, shimfiɗar ta taso lokacin da ke kike saukowa, sai kuka yi karo, kamar kina saukowa daga bene cikin duhu kin ɗauka saura mataki ɗaya ashe kin riga kin iso, gwiwa a miƙe, duk bugun ya wuce kai tsaye zuwa ƙugu. Abin da kika ji kamar wuƙa mafi yawan lokaci naman wurin ne ya ɗame ko ya ɗan yage, wani lokacin kuma faifan nan ne ya matsu. Yadda kika ce ciwon na tsayawa bai wuce gwiwa ba alama ce mai kwantar da hankali, dan in babbar jijiyar ƙafa ce aka danne sosai ciwon yakan zarce gwiwa har sangali da yatsu, da tsira-tsira kamar kiyashi na bi ko wurin ya mutu. Irin naki mafi yawansu suna sauƙi sosai cikin sati 4 zuwa 6, ke yanzu kina sati na biyu ne. Bayanki bai lalace ba, kuma ba ke kaɗai bace, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya.

Maganar fitsari kuma, nasan ita ke hana ki barci. Akwai iri biyu kuma nesa suke da juna. Wanda ya zubo miki kina cikin tsalle, tun kafin ma ki ji ciwon, wannan na haihuwa ne, naman da ke riƙe mara ta ƙasa yayi sanyi bayan ciki uku, sai in anyi tsalle ko tari ko dariya mai ƙarfi ya ɗan kuɓuce. Matan da suka haihu da yawa haka suke, ba sa faɗa ne kawai, kuma tarampolin na daga cikin abubuwan da suka fi tona wannan asirin. Na biyun shi ne mai haɗari: in bayan buguwar kika ga fitsari ya ƙi fita ko yana zuba baki ji ba, ko bayan gida na kuɓuce miki, ko kika zo tsarki kika ji wurin zama da tsakanin cinyoyi kamar ba naki ba, ko ƙafa ta fara rauni kina jan ta ko silifas na fita baki sani ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, ko da tsakar dare ne, ba jiran gari ya waye, ba CSI wato ƙaramin asibitin unguwa, ba mai ɗori, babban asibitin Damagaram kai tsaye, dan jijiyoyin ƙarshen laka ne suka matsu kuma awoyi ake lissafawa ba kwanaki ba. Haka in zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ko yana ƙaruwa kullum maimakon raguwa, ko wuri guda ne a kan ƙashin kanshi in an danna ki zabura.

Ko babu ko ɗaya cikin waɗannan, ina so kije a duba ki cikin satin nan, tunda buguwa ce ta kawo shi kuma kwana 12 ya wuce yana hana ki aiki. Ki fara da CSI ɗin unguwarku in shi ya fi kusa, in sun ga da buƙata su tura ki gaba. Kar ki dage sai an miki radiyo, hoton nan ƙashi yake nunawa, baya nuna nama ko faifai, likita ne zai taɓa ya ga ko akwai dalilin yinshi, kar kuɗinki su tafi a banza. Abin da yafi hoto amfani shi ne ki roƙi a tura ki wajen kine, masu gashin ƙashi na asibiti, su nuna miki motsin da ya dace da jikinki. Kuma a gaban likita ba maganar suyar nama fa. In kika ce suya ce zai ɗauka gajiyar duƙawa ce ya rubuta miki magani ki tafi, in kika ce na diro a kan abu ya bugo ni daga ƙasa zai duba wasu abubuwan daban, har da ko wani ƙashi ya ɗan lotsa. Ki faɗa mishi tramol ɗin da shayarwar duka.

Nan muka zo kan maigida. Na fahimci abin da ya sa kika ce suya, a lokacin baki san ciwon zai daɗe ba, kin ɗauka kwana biyu ne ya wuce kowa ya manta. Amma ƙanwata sirrin da ƴar shekara 4 ta sani ai ba sirri bane, wata rana yana cin tuwo zata ce Baba ka ga yadda Mama ke tashi sama, kuma ji daga bakinta yafi ji daga bakinki ciwo nesa ba kusa ba. Sannan ki duba ta wajenshi, shi yanzu mai yiwuwa yana jin nauyi a ranshi cewa aikin ragonshi ne ya kwantar dake, ƙila ma ana cewa ƴan uwanshi basu taya ki ba, kinga ƙaryar ta fara ɗora laifi a kan waɗanda basu ji ba basu gani ba. Ki bari sai dare yara sunyi barci, ba gaban uwarshi ba, ki ce mishi Baban wance akwai abin da kunya ta hana ni faɗa maka, ranar da muka kai yara wasa wance ta ƙi hawa sai da ni, na hau, a can na bugu, kayi haƙuri da na ce suya ce. Iyakar kenan, kar ki tsawaita kar ki fara kare kanki. Zai iya dariya, zai iya ɓata rai na kwana ɗaya ko biyu, kuma in ya ɓata ran ki sani yawanci ƙaryar ce ta sosa shi fiye da tsallen, sai ki bashi haƙuri a kan ita. In kuma kin san shi mai zafin zuciya ne har kina tsoron abin da zai biyo baya, ke kika fi ni saninshi, to ki fara da likitan, ki dawo da ordonas, wato takardar magani, a hannu sannan kiyi maganar, ko ki sa wata babba da yake jin nauyinta ta zauna kusa.

Uwar mijinki kuwa so take ki warke, kuma a saninta mai ɗori ne maganin ƙashi, ta ga hannu da ƙafa da suka ɗoru a gabanta dan haka kar ki raina mata. Amma baya ba hannu bane, laka ce ke bi ta ciki, kuma ba wani ƙashi da ya goce da za a mayar da ja. A ja ki ko a taka bayan ko a murɗa shi alhali ba wanda ya san ko akwai tsagewa, wannan ni ban yarda ba sam. Ba ke zaki ce mata a'a ba, ɗanta ne zai ce Inna bari a fara zuwa asibiti a gani tukun, shi ya sa ma nake son ya san gaskiya da wuri. Ke kuma ki bata wani aikin da zata ji ana yi da ita, ta shafa miki man zafi a hankali, ta riƙe miki yaron da rana. Ƙaho in na tsotsa ne kawai ba tsaga wasu na jin daɗinshi, amma tsaga da aska ko sakiya ki bar su, ba mugun jini bane a wurin.

Sai kwanciyar nan da kike yi kullum, ita ma tana cikin abin da ke riƙe ciwon. Kwana ɗaya ko biyu na farko ba laifi, amma bayan nan baya da motsi yake warkewa, in aka kwantar da shi sai ya sandare naman yayi sanyi, ranar da kika tashi ki ji ya fi da. Ki riƙa zagaya tsakar gida minti 10 sau uku a rana, da safe da bayan la'asar da bayan isha, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan, ɗan ciwo-ciwo yayin tafiya ba ɓarna bace. Ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi ki ɗora minti 15 zuwa 20, ɗumi fa nace, ba irin tafasasshen ruwan jego ba. In zaki kwanta kiyi gefe ki sa filo tsakanin gwiwoyi, ko rigingine filo a ƙarƙashin gwiwa, in zaki tashi kuma ki fara mirginawa gefe ki sauko da ƙafafu ki tura da hannu, kar ki zabura tsaye. A kan tabarma ki kwanta rigingine gwiwa a lanƙwashe, ki jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ki riƙe ki ƙirga 20 ki canza, sai ki manna ƙugu da ƙasa ki saki sau 10, in wannan ya daina ciwo ki fara ɗaga ɗuwawu sama kaɗan ki riƙe ki sauke. Duk motsin da ya tura ciwon ƙasa zuwa ƙafa ki bar shi, wanda ya janyo shi ya dawo tsakiyar baya shi ne mai kyau. Na mara kuma ki matse kamar kina riƙe fitsari da tusa, ki ƙirga 5 ki saki, sau 10, sau uku a rana, ba mai gani ko kina tankaɗe, amma sai an kai kamar wata 3 ana yi kafin a ga bambanci sosai, in bai canza ba kije matanite, asibitin haihuwa, ki faɗa ma ungozoma ba kunya.

Aikin gida shi ne jarabawar. Bido mai lita 25 kilo 25 ne cur, kuma mun san yadda ruwa yake a garin nan, in pampo ya kawo kowa rige-rige yake, to sati huɗun nan ki bar ma ɗan garuwa ya shigar har ciki ya juye, ko a raba a ƙaramin bokiti. Shara da gajeriyar tsintsiya da wanki a duƙe da daka ki bar ma ƙanwarki, ai tare kuka je wurin wasan, ta zo ta biya nata kason. In dole sai kinyi wanki ki ɗora bahon a kan tebur. Yaron kar ki ɗauke shi daga ƙasa kina duƙe, ki zauna ya hau cinyarki, goyo kuma a rage shi yanzu. Kabu-kabu ki haƙura da shi, ramin hanya ɗaya ya isa ya mayar dake baya. Sallah kuma addini ya sauƙaƙa, Annabi (SAW) ya ce ma Imrana ɗan Husaini yayi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, dan haka in ruku'u na soka ki, ki zauna kan kujera kiyi nuni har ki samu sauƙi.

Magani, ibuprofen miligram 400 bayan cin abinci, bai wuce sau uku a rana ba, na ƴan kwanaki, yana tafiya da shayarwa, amma in kina da olsa ko ciwon ƙoda ko kina zargin ciki kar ki sha sai kin tambayi likita, kuma kar ki haɗa shi da diklofenak dan dangi ɗaya ne. Parasetamol zaki iya ƙarawa amma kar ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 na 500. A farmasi zaki saya ba a tiren da ya wuni cikin rana ba.

Ko zaki sake hawa? Ba yanzu ba, amma ban ce har abada ba. Abin nan asalinshi ma ba na yara bane, wani Ba'amurke George Nissen ne ya ƙera shi a shekarun 1930 dan masu wasan alkafura, tun 2000 kuma ake gasarshi a Olamfik, manya ke yi. Sai kin yi sati biyu ko uku cur ba ciwo, kina ruku'u kina ɗaukan yaro kina tafiyar minti 30 ba ki ji komai ba, sannan in kin samu wanda aka yi dan nauyin babba, dan na yara in babba ya hau yana iya lotsawa har ya kusa taɓa ƙasa. Ke kaɗai a kai, a tsakiya, gwiwa a sake, ƙaramin tsalle na minti biyu ko uku, ba faɗawa da ɗuwawu ba juyi, kiyi fitsari kafin ki hau, kuma hijabi ko zani mai ja kar ya kai ƙafa.

Wadda tafi bani tsoro ma a labarin nan ɗiyarki ce. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na raunin tarampolin yana faruwa ne in mutum fiye da ɗaya ke kai, kuma ƙaramin shi yafi jin jiki, bugun da ya kwantar dake da ita ya samu da ƙafa ce zata iya karyewa. Yaron da bai kai shekara 6 ba bai kamata ya hau irin wannan ba. Masu wurin suna cika yara ne dan kowane kai kuɗi ne kuma Sallah ce kasuwarsu, ba sai kinyi rigima da su ba, in kun koma ki ce a bar waɗanda suka kai shekara 6 su hau ɗaya bayan ɗaya ko da zaki ƙara dala ashirin, in sun ƙi ku wuce lilo.

Ragowar tramol ɗin kar ki bar shi ƙarƙashin filo inda ƙaramin zai lalubo, ki ɗauki katin maganin ki kai asibiti ki nuna ma likita ya ga ko nawa ne a rubuce ki bar musu shi can. Bayan sati biyu ki sake rubuto mini, ki faɗa mini daidai inda ciwon ke tsayawa yanzu, cinya ko ɗuwawu ko ƙugu kaɗai, da kuma abin da Baban wance ya ce. A gaida Inna da yara.